Kibiya a kan allo ta haɗa ni faɗa da malaminmu na fiziks

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare, ɓangaren kimiyya, muna zaune a Kurna. Mako biyu da suka wuce malaminmu na fiziks ya yi mana gwaji, a ciki har da tambayar da aka ce a zaɓi bekta cikin abubuwa huɗu. Na zaɓi karent, wato kwararar lantarki, ya kashe. Ranar da ya dawo mana da takardu na ɗaga hannu na ce, "Malam, kai ka koya mana cewa duk abin da yake da girma da alƙibla bekta ne, kuma kai kake zana mana kibiya a kan waya kana cewa karent daga fositib take tafiya zuwa negetib. Ta yaya kuma ta zama sikela?" Ya ce haka yake a littafi, in haddace. Wallahi Anti ban san lokacin da bakina ya suɓuce na ce, "Ashe Malam kai ma haddacewa ka yi." Aji ya kwashe da dariya, ya kore ni waje. Tun ranar ko hannu na ɗaga ba ya kallon inda nake.

Da na gaya wa Abbanmu, wanda ya fi shekara 25 yana sana'ar wayarin da gyaran wuta, sai ya ce ni ce da gaskiya. Ya ce duk wanda ya taɓa juya kan batir ya ƙona inbata ya san wuta tana da gaba da baya. Yanzu ya dage sai ya je makarantar da mitarsa ya nuna wa Malam. Umma tana ta ba shi baki. Ni kuma ga WAEC ta matso, fiziks ɗin da na fi so duk ya fita raina. Wa ke da gaskiya, kuma yaya zan yi?

'Yarki daga Kurna

Wa alaikumus salam 'yata.

Makin nan dai ki haƙura da shi, ba a zalunce ki ba. Karent sikela ce, wato abu mai girma kawai marar alƙibla, a littafinku, sikela ce a WAEC, sikela ce a jami'a in Allah ya kai ki. Na fara da wannan ne don kada ki karanta sauran kina jiran inda zan ce Malam ya yi kuskure a amsa. Bai yi ba. Inda ya gaza shi ne dalili, ke kuwa dalilin kika nema, kuma kina da haƙƙin nema. Ina da yaƙinin cewa cikin waɗanda suka ci makin akwai da yawa da ba za su iya faɗin abin da ya sa suka ci ba.

Daga ma'anar da aka ba ku matsalar ta faro. "Bekta abu ne mai girma da alƙibla" gaskiya ce, amma guntuwa. Akwai sharaɗi na uku da ake yawan tsallakewa, ko a kai shi wani babi can gaba inda ɗalibi ba zai haɗa su ba: in guda biyu suka haɗu, dole kusurwar da ke tsakaninsu ta shiga cikin lissafi. Zana wa abu kibiya ba ya mai da shi bekta. Yadda ake tara shi ne yake nuna ko bekta ne.

Ki tuna ragon layya in ya turje a ƙofar gida, ƙannenki biyu kowa ya kama igiyarsa. A ce babban yana ja da ƙarfin niyuton 40, ƙaramin da 30. In suka ja wuri ɗaya, rago zai ji 70. In babban ya ja gabas ƙaramin ya ja arewa, abin da rago zai ji 50 ne kacal, kuma ba gabas zai nufa ba ba arewa ba, sai tsakaninsu, ya ɗan fi karkata wajen babban. In suka yi faɗa, wannan ya ja gabas wancan ya ja yamma, sauran 10 kawai, rago ya samu abin da yake so. Yaran nan ba su ƙara ƙarfi ba, ba su rage ba. Inda suka tsaya ne kawai ya sauya, amma amsa ta tashi daga 70 zuwa 50 zuwa 10. Halin bekta ke nan, kuma shi ya sa kuke zana wannan fasalin mai gefe huɗu ko ku ɗauko lissafin Pythagoras.

To yanzu ajiye rago ki ɗauki waya. Waya ɗaya tana ɗauke da amfiya 4 (amfiya ita ce ma'aunin karent), wata tana ɗauke da 3, aka murɗe su wuri ɗaya suka zuba cikin ta uku. Ta ukun 7 za ta ɗauka. Ki jera su kafaɗa da kafaɗa, 7. Ki buɗe su ɗaya ta zo daga gabas ɗaya daga arewa, 7 ce, ba 5 ba. Ɗaya ta zo daga gabas ɗaya daga yamma su yi karo a mahaɗa, har yanzu 7, ba 1 ba. Ki sauko da ɗaya daga silin ɗaya ki fito da ita daga ƙarƙashin siminti, babu abin da zai sauya. Kusurwa ba ta da ta cewa. Da karent bekta ce, da Abbanki kullum yana yawo da abin auna kusurwa a jakarsa, yana lissafin yadda wayoyi suka shigo akwatin bango kafin ya zaɓi fis. Ki tambaye shi ko ya taɓa yi cikin shekara 25.

Dalilin da ya sa haka yana cikin ma'anar karent ɗin kanta, wadda kika sani: caji a raba da lokaci. Ƙirga ce. Ki tsaya a Ƙofar Mata da hantsi da agogo a hannu, ki ƙirga adaidaita sahun da suka wuce ki cikin minti ɗaya, a ce 40. Wannan 40 ɗin lamba ce kawai. Titin zai iya lanƙwasa gaba kaɗan, ya hau gada, ya zagaya shataletale, amma muddin babu wanda ya kauce ko ya shigo, wanda ya tsaya a can gaba shi ma 40 zai ƙirga. In wani titin ya zubo da 30 a minti, za su zama 70, ko ta wace kusurwa ya shigo. Haka amfiya take: amfiya ɗaya na nufin kulom ɗaya na caji ya gifta wuri cikin daƙiƙa ɗaya, wato ilektiron sama da biliyan 6 har sau biliyan. Caji lamba ce, lokaci lamba ne, in kika raba lamba da lamba ba inda gabas ko arewa za su shigo. In kina neman abin riƙe sunan, ki tuna sikelin 'yan hatsi a Dawanau: ki ɗora buhu ya ba ki kilo, shi ke nan, ba ya ce miki buhun ina ya nufa.

Wannan ƙa'ida ta mahaɗa, cewa abin da ya shigo shi ne abin da ya fita, masanin fiziks Bajamushe Gustav Kirchhoff ne ya tsara ta a 1845, yana ɗan shekara 21, kuma a lokacin shi ma ɗalibi ne a jami'ar Konigsbag. Ki duba yadda ake rubuta ta a littafinku. Tarawa ce da ɗebewa irin ta firamare, babu lissafin kusurwa na sayin da kosayin. Tushenta kuwa shi ne caji ba ya ɓata a hanya, ba ya kuma taruwa a mahaɗa.

Akwai wani gwajin tunani da ni ya fi gamsar da ni. Ki lanƙwasa waya kamar harafin U. A hannu ɗaya karent tana tafiya gabas, a ɗayan tana dawowa yamma. In bekta ce, to ta juye gaba ɗaya, ta zama kishiyar kanta. Amma mita a hannun farko amfiya 2 za ta ce, a na biyu ma 2, kuma kowa ya san karent ɗaya ce ba biyu ba. Ki leƙa shagon masu naɗin koyil na fanka ko na injin ruwa ki ga yadda siririyar wayar jan ƙarfe take zagayawa ɗaruruwan zagaye. A kowane zagaye ta fuskanci gabas, kudu, yamma da arewa, ta dawo inda ta taso. Karent ɗin da ke ciki lamba ɗaya ce daga farkon naɗin zuwa ƙarshensa.

Sai maganar Abba. Abin da ya gani da idonsa gaskiya ne, kada ki yarda kowa ya ce miki ba haka ba. In aka juya kan batir, inbata na iya ƙonewa, ƙaramar fanka mai aiki da batir na iya juyawa baya, wata fitilar ta ƙi kamawa sam. Wuta tana da gaba da baya. Sai dai gaba da baya zaɓi biyu ne kawai, kuma waya ce take yanke inda gaban yake. Alƙiblar bekta ba haka take ba: tana iya zama gabas, ko arewa maso yamma, ko sama da ɗan karkata, ba iyaka. Abin da yake da fuska biyu kacal, alamar tarawa da ta ɗebewa sun ishe shi. Kuɗin da ke shiga aljihun ɗan kasuwa a Kantin Kwari da wanda ke fita suna da shiga da fita, har kibiya ana iya zana musu a littafin ciniki, amma babu wanda ya taɓa cewa naira bekta ce. Caji ma yana da fositib da negetib, kuma ba ki yi gardama ba da aka ce miki sikela ne. Kibiyar da Malam yake zanawa a kan waya irin wannan ce. Tana cewa ne, "ta nan muka ɗauka a matsayin gaba." In kika yi lissafi amsa ta fito da alamar ɗebewa, sai ki san ta can take tafiya, ba ki ɓata komai ba.

Abin dariyar ma, kibiyar nan ta littafi ba ta nuna inda ilektiron suke tafiya a cikin waya. Benjamin Franklin na Amurka ne ya raɗa sunayen fositib da negetib a tsakiyar ƙarni na 18, tun ba a san akwai wani abu wai shi ilektiron ba, daga nan aka ɗauki al'adar cewa wuta daga fositib take fita. Sai a 1897 J. J. Thomson ya gano ilektiron a Kambirij ta Ingila, aka fahimci cewa a cikin ƙarfe su ne matafiyan, kuma daga negetib suke tasowa. Ba a sauya kibiyar ba, domin lissafi yana fita daidai ko ta ina aka ɗauka, muddin an tsaya a kan zaɓi ɗaya. Ki lura da wannan: an shafe sama da shekara ɗari ana zana ta a juye, fitilu kuma suna ta kamawa.

Hankalinki da ya ce lallai akwai wani abu mai alƙibla a cikin wayar nan bai yaudare ki ba. Akwai shi, suna ne kika ba wa wanda ba shi ba. Kowace adaidaita a titin nan tana da gudunta da inda ta dosa, wannan bekta ne. Haka ilektiron suke da ɗan jan jikin da suke yi gaba a cikin waya, shi ma bekta ne, kuma a hankali yake fiye da yadda za ki zata: a wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 2.5 da Abbanki yake ja wa soket, in batir ya tura amfiya 10, tafiyar da za su yi cikin awa guda wajen mita ɗaya ce kacal, yadi ɗaya da 'yan kai. Kunkuru ya fi su sauri nesa ba kusa ba. Abin da ya sa fitila take kamawa nan take shi ne wayar cike take da su tun asali, ana turawa daga nan na can ya motsa.

Sannan akwai wanda za ki haɗu da shi a jami'a da harafin J, ni ina kiransa cunkoson kwarara: yawan karent da ke ratsa kowane ɗan fili na cikin waya, tare da inda ta dosa a daidai wannan gurbin. Shi bekta ne cikakke. Amfiya 10 a waya mai 2.5 na nufin 4 a kowane murabba'in milimita. Ki tura amfiya 10 ɗin nan cikin siririyar waya mai 1, cunkoso ya zama 10, waya ta fi ɗaukar zafi. Shi ya sa Abba zai yi faɗa in mai gida ya ce a ja wa hita siririyar waya don a rage kuɗi. J ɗin nan yake lissafawa ko da bai kira shi da wannan sunan ba. Karent kuwa ita ce jimlar abin da ya ratsa fuskar wayar gaba ɗaya, kuma a wajen tara jimlar ne alƙibla take narkewa, lamba ta rage.

Wata rana za ki ce, to ai a babin maganaɗisu akwai F = BIL sin θ, ga kusurwa nan ƙiri-ƙiri. Haka ne, kuma tun 1820 Hans Christian Oersted ya nuna a Kofanhegan cewa allurar kamfas tana kaucewa in karent ta bi ta wayar da ke kusa da ita, kuma yadda aka shimfiɗa wayar yana da tasiri. Amma ki sake duban kusurwar: tsakanin tsawon waya take da filin maganaɗisu. L, wato tsawon waya, ita ce take ɗauke da alƙibla, I kuwa, wato karent, tana zaune a gefe a matsayin lamba.

In aka tambaye ki a jarrabawa, ba sai kin kawo rago da adaidaita ba. Layi biyu sun isa: karent tana da girma da fuskar tafiya, amma ba ta bin dokar tara bekta, ana tara ta da lissafi na yau da kullum, kuma kusurwar da ke tsakanin wayoyi ba ta sauya jimla.

Yanzu mu zo kan bakinki.

Shekarata ta biyu da fara koyarwa, a wata makarantar 'yan mata, wata yarinya da ke zama a layin baya ta yi min wannan tambayar, kusan kalma da kalma. Na tsaya da alli a hannu, na ji zufa tana bin bayana cikin hijabi, ga idanu sun fi hamsin a kaina. Na san amsar "sikela" ce, amma dalilin ya ƙi zuwa. Sai na ce, "Za mu zo wurin." Da daddare na zazzage kwalin littattafan jami'a a tsakar ɗaki, na zauna da fitilar ƙwai har na samo shi, a cikin 'yan layukan da na tabbata na taɓa karantawa na wuce. Washegari na shiga aji na yi musu bayani. Abin da ya ba ni damar yin haka shi ne yarinyar ta bar min ƙofa. Ta ce "to Malama" ta zauna. Da ta ce min abin da kika ce wa malaminku, aji ya yi dariya, ban san ko zan iya komawa kan maganar ba, don komawar za ta zama kamar na amsa cewa ta kama ni.

Ban san malaminku ba. Wataƙila ya san dalilin sarai, lokaci ne ya ƙure masa ga manhaja a gaba. Wataƙila irin tawa ce ta same shi. Ko wanne ne, "ki haddace" ba amsa ba ce da malamin kimiyya zai yi alfahari da ita, kuma share ɗaliba mako biyu ya yi yawa, wannan zan faɗa ko a gabansa. Amma ba shi ya rubuto min ba, ke ce. Maganar da kika yi ta wuce tambaya, ta zama tozarci a gaban yaran da zai ci gaba da tsayawa a gabansu kullum. Magana zarar bunu ce. Kin ce suɓutar baki ce, na yarda, amma wanda aka taka ba ruwansa da ko da gangan ne.

Ki je ki ba shi haƙuri cikin makon nan, kada ki bari a shiga na uku. Ba a aji ba, kuma ba ke kaɗai ba: ki sami malamar ajinku ko wata malama da yake ganin girmanta, ki gaya mata abin da ya faru ba ragi ba ƙari, ta raka ki ofishin malamai. Ki gaishe shi yadda ya kamata ki ce, "Malam, na zo ba da haƙuri ne a kan maganar da na faɗa ranar nan. Ban kyauta ba, a yafe min." Ki tsaya a nan. Kada ki ƙara da "amma", kada ki ce ai tambaya kawai kika yi, kuma don Allah kada ki ɗauko bayanin nan nawa ki karanta masa. A kan jimla ɗaya kike ba da haƙuri, ba a kan tambayar ba, shi ma ya san bambancin. Bayan kwana biyu, in fuska ta saki, ki same shi da littafinki ki ce, "Malam, na ga an ce saboda ba ta bin dokar tara bekta ne, haka ne?" Ki bar shi ya ɗora daga nan. Zai iya ba ki mamaki.

Ba don ladabi kaɗai nake matsa miki ba, har da lissafi. Masu duba takardarki ta WAEC ba su san ki ba, ba su san shi ba. Amma jarrabawar gwaji ta ɗakin kimiyya tana nan tafe, kuma da wuya a rasa tambayar lantarki a ciki: amita, boltmita, makunni, wayar da za ki auna. Hannu ne yake koyon wannan, kuma a hannun Malam kayan suke. Ɗalibar da ba a kallon inda take ba za ta samu a gyara mata haɗin waya ba. In kin ba da haƙuri ya ci gaba da share ki har mako biyu, ki koma wa malamar nan, ita ta san yadda za ta kai maganar gaba. A nan ne zuwan Abba zai yi amfani, a matsayin uba, hannu rabbana, ba mita.

Amma zuwansa yanzu da mita, Umma ta fi shi gaskiya. Zai shiga ofis a gaban sauran malamai ya juya kan batir ya nuna allura ta koma baya, wani malamin ya tashi ya ce ai wannan ba shi ake nufi da bekta ba, a fito kowa ransa a ɓace, ke kuma ki koma aji da sabon suna. Kuma kada ki je ki ce masa, "Abba, Anti ta ce ba ka da gaskiya." Mutum ya tsaya miki, ba a saka masa da haka. Ki ce masa kina so ya koya miki da mitar kafin ya kai ta ko'ina. Ya samo batir, ƙananan ƙwayayen fitila biyu da 'yan wayoyi, ya haɗa kowane ƙwai a reshensa. Ku auna reshe na farko ki rubuta, ku auna na biyu ki rubuta, ku auna uwar wayar ki tara ki gani. Sannan ki ce ya buɗe rassan, ya gicciye su, ya lanƙwasa, ya naɗe ɗaya a jikin biro, ku sake aunawa. Gani ya kori ji. Ba sai kin ce komai ba, shi da kansa zai ce miki ai wannan kowane yaron shago ya sani. Sai ki ce masa to wannan ɗin shi ne abin da 'yan boko suke nufi da sikela. Da batir kawai za ku yi, ko kusa kada ki kai hannunki kan wutar gida.

Ki shirya, don in Abbanki gwani ne kamar yadda nake zato, yana da sauran kati a hannu. Zai ce, "To in tarawa ce kawai, me ya sa a gidan da ke da layi uku, in kowane layi yana jan amfiya 10, nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, ba ta nuna 30, sai kusan sifili?" Tambaya ce mai kyau, har ta fi taki, kuma injiniyoyi ma da kibiyoyi uku suke zana amsarta, da digiri 120 a tsakaninsu. Sai dai wannan kusurwar ta lokaci ce, ba ta wuri ba. Wutar gida a Najeriya kai-komo take yi, zagaye 50 a daƙiƙa, kuma layukan uku ba sa kai ƙololuwa tare. Kin ga mata uku suna lugude a turmi ɗaya? Duk taɓaren sama da ƙasa suke yi a rami ɗaya, amma ba sa sauka tare, kowace tana bin bayan 'yar uwarta da sulusin zagaye. Haka layukan suke. A ƙiftawar da na farko ya kai ƙololuwarsa ta gaba, sauran biyun kowanne yana kan rabin haka ta baya. Ɗaya, a ɗebe rabi, a ɗebe rabi, sifili. Tarawar firamaren nan ce dai ta Kirchhoff, ana yin ta ƙiftawa bayan ƙiftawa. Ya juya wayoyin uku yadda ya ga dama a jikin bango, nutural ba za ta sani ba.

Wannan ba ya cikin abin da za a tambaye ki bana, don haka kada ya ɗauke miki hankali daga tsofaffin takardun jarrabawa. Amma in bai kawo maganar layi ukun ba, ke ki kawo masa, ki ce ya nuna miki yadda yake raba kaya a kan layuka don kada ɗaya ya fi ɗaya nauyi. Ki bari sai ya dawo daga Isha ya ci abinci, kuma ki zo da biro da takarda, don zai yi tsawo.